Filin Kimiyya: Wa Ya Aiko Saƙon Da Aka Tsinta A Ƙarƙashin Ƙanƙara?

 A wannan makon za mu yi nisan kiwo, domin labarinmu zai taso ne daga ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, ya leƙa Namibiya, ya ya da zango a wani tsibiri cikin tekun Atlantika, sannan ya kai mu wani wuri da haskensa ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 4 kafin ya iso duniya. Tambayar da ke cikinsa gajeriya ce: idan saƙo ya iso hannunka babu suna babu adireshi, ta yaya za ka gane wanda ya aiko shi?

Mu fara da tushen wahalar. A shekarar 1912 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Victor Hess ya shiga kwandon wata ƙatuwar balan-balan da na'urorinsa, ya tashi sama fiye da mita 5,000. Abin da ya gano shi ne, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfin gaske da ke zubo wa duniya daga sararin samaniya dare da rana. Daga baya aka gane yawancinsu furoton ne, irin wanda malamin kemistiri ya ce muku yana zaune a cibiyar ƙwayar zarra. Wasu daga cikinsu suna zuwa da ƙarfin da ya ninka sau miliyoyi abin da babban injin CERN na ƙasar Suwizalan ke iya ba furoton, alhali wannan injin shi ne mafi ƙarfi da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa. Ke nan a wani wuri can cikin samaniya akwai majaujawar da ke cillo su. Hess ya karɓi lambar Nobel a 1936, ya rasu a 1964, ba tare da an san inda majaujawar take ba.

Dalilin kuwa shi ne furoton yana ɗauke da caji, duk abin da ke da caji kuma maganaɗisu yana karkatar da tafiyarsa. Sararin samaniya cike yake da maganaɗisu, don haka kafin furoton ya iso nan ya sha kwana ba adadi. Kamar baƙon da ya bi lungu goma sha kafin ya shigo gidanku ta ƙofar yamma ne. Shigowarsa ta yamma ba ta nuna garinsu a yamma yake ba.

To, sai masana suka ce tunda baƙon ba zai faɗi garinsu ba, a nemi wanda suka taso tare. A nan muke son ku natsu, domin duk sauran labarin a kan wannan sakin layi ya rataya. Inda duk ake cilla furoton da irin wannan gudu, dole wasu daga ciki su yi karo da iskar gas ko da hasken da ke wurin. Wannan karo yana haifar da wasu ƙwayoyi marasa tsawon rai da ake kira fayon. Fayon mai caji idan ya wargaje yana fitar da nutirino. Fayon da ba shi da caji kuwa yana rabewa ya zama ɗigo biyu na hasken gama. Ke nan nutirino da hasken gama 'yan ɗaki ɗaya ne, kusan a ce tagwaye. Dukansu ba su da caji, maganaɗisu ba ya lanƙwasa su, miƙe suke tafiya tun daga inda aka haife su har zuwa nan. Idan ka ga ta inda suka ɓullo, ka ga gidansu.

Hasken gama haske ne kamar wanda idonmu ke gani, sai dai ƙarfin kowane ɗigonsa ya zarce na sauran nau'o'in haske, ya fi ma wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wani zai ce to me ya sa ba za a tsaya a kansa kawai ba, tunda an san ɗaruruwan wurare a sama da ke fitar da shi? Matsalar ita ce lantaron ma, wato ƙwayar da ke yawo a wayar lantarki, idan ya samu gudu yana iya samar da hasken gama ba tare da ko furoton ɗaya a wurin ba. Nutirino mai irin wannan ƙarfi kuwa sai da furoton ko wata cibiyar zarra. Shi ne shaidar da ba ta da tababa. Sai dai shi kuma kama shi jan aiki ne, in ma an kama, ba ya nuna wurin da ya fito daidai wa daida. Shi ya sa ake haɗa su biyun: nutirino ya ce ga unguwar, hasken gama ya nuna gidan.

Shi wannan nutirino, tun farko a kan takarda aka haife shi. A watan Disamba na 1930 Wolfgang Pauli ya ga lissafin makamashi ba ya cika a wani nau'in wargajewar zarra, sai ya ce lallai akwai wata ƙwaya da ke sulalewa da ragowar ba a ganinta. Enrico Fermi ya yaɗa sunan nutirino, wanda a harshen Italiya yake nufin ɗan ƙaramin da ba shi da caji. Sai a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama shi a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka. Abin da ya sa aka daɗe haka shi ne nutirino bai damu da kowa ba. A cikin kowane sakan ɗaya, wajen nutirino biliyan 65 daga rana suna ratsa fili mai faɗin farcen yatsanku. Da dare ma ba sa hutawa, ta ƙarƙashin ƙasa suke ɓullowa, domin duniya ɗungurungum ba ta tare musu hanya. Kuna karanta wannan shafi suna wucewa ta jikinku da jaridar baki ɗaya.

Abin da ke ratsa duniya kamar babu ita, da wane tarko za a kama shi? Amsar ita ce a yi tarkon ya zama ƙato, sannan a yi haƙuri. Cikin ɗimbin da ke wucewa, jefi-jefi ɗaya kan yi karo da cibiyar wata zarra. A tsakiyar Antaktika, daidai ƙuryar kudancin duniya, masana ƙarƙashin jagorancin Francis Halzen na Jami'ar Wisconsin suka mai da ƙanƙara tarko. Da tafasasshen ruwa suka huda ramuka 86, kowanne zurfinsa ya kusa kilomita biyu da rabi. A kowane rami suka zura igiya mai ɗauke da ƙwallayen gilashi 60, kowane ƙwallo da na'urar jin haske a cikinsa. Ku yi lissafi da kanku, za ku samu 5,160. Ƙwallayen suna rataye ne tsakanin zurfin mita 1,450 da mita 2,450, inda duhu ya kai duhu kuma ƙanƙarar take garau. Ruwan ya sake daskarewa a kansu, don haka babu mai sake taɓa su, wanda ya lalace ya lalace ke nan. An kammala aikin a watan Disamba na 2010, aka sa masa suna IceCube, domin ƙanƙarar da ya mamaye ta kai kilomita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi.

Idan nutirino ya yi karo a cikin ƙanƙarar ko kusa da ita, wani lokaci yakan haifar da wata ƙwaya mai caji da ake kira miyuwon, wadda ke ci gaba da tafiya kusan a kan layin da nutirinon ya zo. A cikin ƙanƙara haske yana rage gudu, har miyuwon ya fi shi sauri a wurin, sai ya riƙa barin wani shuɗin haske a bayansa, kamar yadda kwalekwale mai inji ke barin igiyar ruwa. Ƙwallayen suna rubuta lokacin da hasken ya iso kowannensu, kwamfuta ta haɗa, ta zana layin da ƙwayar ta bi. Sai a miƙa layin baya zuwa sama.

Kada ku ɗauka duk abin da ya haska a can daga nesa ya zo. Fiye da sau 2,000 a kowane sakan na'urar ke jin miyuwon da aka haifa a nan cikin iskar duniyarmu, kuma dubun-dubatar nutirinon da take kamawa a shekara su ma 'yan gida ne. Baƙin gaske 'yan kaɗan ne, ana gane su ne da girman ƙarfinsu. A 2013 IceCube ta ba da sanarwar cewa tabbas akwai nutirino masu ƙarfi da ke zuwa daga wajen duniyarmu da ranarmu, amma sun warwatsu ko'ina a sama, babu wani wuri guda da za a nuna. Daga 2016 sai aka fito da sabuwar dabara: da zarar an kama mai ƙarfi, kwamfutocin da ke can cikin sanyi su aika da sanarwa ta tauraron ɗan Adam zuwa ga masu na'urorin hangen nesa a duk duniya, kowa ya juya ya duba ko wani abu na ci da wuta a wurin. An aika irin wannan sanarwa sau da dama, aka duba, ba a ga komai ba. Allura ce cikin ruwa.

Sai ranar Juma'a 22 ga Satumba, 2017. Da ƙarfe 9:54 na dare agogon Najeriya da Nijar, wani miyuwon ya keta IceCube ya bar layi mai tsabta. Cikin sakan 43 sanarwa ta fita. An ƙiyasta ƙarfin nutirinon da ya haife shi da kimanin TeV 290. Don ku gane wannan ma'auni, TeV ɗaya ya yi kusa da ƙarfin motsin sauro guda yana tashi. Ƙarfin sauro 290 ba abin tsoro ba ne, sai ka tuna cewa an dunƙule shi ne a cikin ƙwaya ɗaya tak wadda ta fi zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A lokacin, injin CERN yana ba kowane furoton TeV 6.5 ne, wato wannan baƙo ya ninka shi fiye da sau 40. Ya fito ne daga ɗan ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa a wurin, ma'ana sai da ya ratsa wani yanki na jikin duniya kafin ya iso tarkon.

Yankin saman da layin ya nuna ya kai faɗin cikakken wata kamar guda biyar, a cikin rukunin taurarin nan da ake kira Orion. A ido wannan ɗan wuri ne, amma a wajen masu na'urar hangen nesa fili ne babba mai ɗauke da dubban abubuwa. Cikin waɗanda suka fara juyawa akwai H.E.S.S. da ke kan tsaunukan Khomas a Namibiya, wadda aka sa wa sunan don tunawa da Victor Hess ɗin nan. Bayan kimanin awa huɗu da sanarwar ta duba, ba ta ga hasken gama ba. VERITAS da ke jihar Arizona a Amurka ita ma ta duba a kwanakin farko, shiru.

Wanda ya fara tsinto bakin zaren shi ne tauraron ɗan Adam na Fermi, wanda hukumar NASA ta harba a watan Yuni na 2008. Iskar duniya tana tare hasken gama, don haka shi daga sama yake aikinsa, yana share sararin samaniya baki ɗaya da kallo kusan kowace awa uku. Ranar 28 ga Satumba wani masani daga Jami'ar Hiroshima ta Japan, Yasuyuki Tanaka, da abokan aikinsa suka sanar cewa a cikin yankin akwai wani abu da aka daɗe da sani mai suna TXS 0506+056, kuma tun watannin baya yake ta hura wuta, hasken gamarsa ya ninka yadda aka saba gani kusan sau shida. Tazarar da ke tsakaninsa da tsakiyar layin nutirinon ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Sunan nasa ba wani sirri ba ne: haruffan daga wani kundin bincike na Texas suke, lambobin kuma adireshinsa ne a taswirar sama.

Daga nan sai MAGIC ta karɓa. Waɗannan madubai ne guda biyu, kowanne faɗinsa mita 17, a kan dutse a tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, daura da gaɓar Maroko. Dabararsu ta yi kama da ta IceCube, sai dai su iska ce tarkonsu. Idan ɗigon gama mai ƙarfi ya daki iskar sama, yakan fashe ya zama yayyafin ƙwayoyi masu fitar da irin wancan shuɗin haske, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, madubin ya cafke. Aikin yana son dare mai duhu da sama garau, shi ya sa gajimare ko farin wata ke iya ɓata musu dare guda cur. Kallon farko da suka yi ranar 24 ga Satumba yanayi bai yi kyau ba, ba su ga komai ba. Da suka koma bayan sanarwar Fermi suka tara wajen awa 13, sai ga hasken gama mai ƙarfin da ya kai kusan rabin TeV yana fitowa daga TXS 0506+056. Ba a taɓa ganinsa a wannan mataki ba sai a lokacin.

To mene ne shi wannan abu? Galaksi ne, wato gari guda na taurari biliyoyi kamar wanda ranarmu take ciki. A tsakiyarsa akwai ƙaton baƙin rami, wurin da nauyi ya taru har haske ma in ya faɗa ba ya fita. Gas ɗin da ke kewaya ramin kafin ya rufta yana yin zafi matuƙa, wani kaso nasa kuma ana feso shi waje ta ɓangarori biyu, siriri kamar ruwan tiyo, da gudun da ya kusa na haske. Idan aka yi dace bakin tiyon yana kallon duniyarmu, sai masana su kira abin bilaza. Bambancin kamar na wanda ke ganin hasken tocila daga gefe ne da wanda aka dalle wa ita a ido. Bayan 'yan watanni wani babban madubi mai faɗin mita 10.4 a La Palma ɗin ya auna nisansa, aka samu haskensa ya yi wajen shekara biliyan 3.7 a hanya. Duniyar kanta shekarunta biliyan 4.5 ne.

Ranar 12 ga Yuli, 2018 aka yi taron manema labarai a Amurka, mujallar Science ta buga rahoto biyu, ɗaya daga ciki da sa hannun masana kusan dubu. Jaridu da yawa suka rubuta cewa an warware matsalar da ta shekara ɗari. Mu a wannan fili muna ganin sun yi gaggawa, kuma masanan da kansu ba su faɗi haka ba. Ga dalili.

Da farko, nutirino ɗaya ne tak, kuma lissafin IceCube ya nuna yiwuwar cewa daga nesa ya zo ta ɗan haura kashi 50 cikin ɗari ne kawai. Ragowar yiwuwar ita ce ɗan gida ne mai ƙarfi. Na biyu, Fermi ya san dubban bilaza a sama. Idan ka rufe ido ka nuna sama da yatsa sau da yawa, wata rana za ka dace da ɗaya. Masanan suka zauna suka lissafa: a ce babu wata alaƙa, sau nawa faɗuwa za ta zo daidai da zama, nutirino ya faɗo kusa da bilaza mai haske haka a daidai lokacin da take ci? Amsar ta fito wajen sau ɗaya cikin dubu. Wannan ya isa a ce ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a fannin fiziyar ƙwayoyi ba a cewa an gano abu sai yiwuwar dace ta sauka zuwa kimanin ɗaya cikin miliyan uku da rabi. Wani zai ga tsaurin ya yi yawa. Amma masu bincike dubbai ne, kowa yana gwada abubuwa da yawa, don haka abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu kullum sai ya faru ga wani. An sha ganin irin wannan alama ta ɓace da aka ƙara tara bayanai.

Rahoto na biyu shi ya ƙara wa labarin gishiri, ya kuma dagula shi. Masanan IceCube suka koma cikin tsofaffin bayanansu na shekara tara da rabi, suka duba wannan wuri kaɗai. Sai suka tarar tsakanin Satumba 2014 da Maris 2015 an samu rarar nutirino kimanin 13 daga wajen, fiye da abin da 'yan gida za su bayar. Shaida ta biyu ke nan, mai zaman kanta. Amma da aka buɗe bayanan Fermi na waɗannan watanni, bilazar tana zaune lafiya, hasken gamarta bai tashi ba. Ku duba abin mamaki: a 2017 hasken gama ya yi yawa, nutirino ɗaya. A 2014 zuwa 2015 nutirino sun yi yawa, hasken gama shiru. Ina tagwayen da muka ce tare ake haihuwarsu?

Amsar da ta fi karɓuwa ita ce, tare ake haihuwarsu amma ba lallai su fito tare ba. Hasken gama yana da rauni guda: idan ya yi karo da wani ɗigon haske, su biyun sukan rikiɗe su zama lantaron da kishiyarsa fositiron, gamar ta ɓace ke nan. Yanzu ku haɗa da abin da muka faɗa a baya. Don a samu nutirino da yawa, ana bukatar wurin da ya cika da haske ko gas wanda furoton zai yi ta karo da shi. Wannan cunkoson da ke haifar da nutirino shi ne kuma ke shaƙe hasken gama. Nutirino ya fice abinsa tunda bai damu da kowa ba, ɗan'uwansa ya maƙale a ƙofa, sai dai ya fito daga baya a raunane. Ko wanda ya tsira daga gida ma, idan ƙarfinsa ya yi yawa kuma tafiyar ta yi nisa, hasken taurarin da ya bazu tsakanin galaksi da galaksi yana cinye shi a hanya.

Wannan bayani ya samu ƙarfi ranar 3 ga Nuwamba, 2022, lokacin da IceCube ta sanar da nutirino kimanin 80 daga wani galaksi mai suna NGC 1068, bayan tara bayanan 2011 zuwa 2020. Shi maƙwabci ne idan aka kwatanta, nisansa tafiyar haske ta shekara miliyan 47, kuma tun 1780 Bafaranshe Pierre Méchain ya gan shi. Ba bilaza ba ne. Baƙin raminsa lulluɓe yake da ƙura da gas mai kauri. MAGIC ta shafe fiye da awa ɗari tana kallonsa ba ta ga hasken gama mai ƙarfi ba, kuma lissafi ya nuna nutirinonsa sun ninka iyakar gamar da zai iya fitarwa a wannan mataki aƙalla sau goma. A ƙididdiga, shaidar NGC 1068 ta fi ta TXS 0506+056 ƙarfi, ko da yake ita ma ba ta kai wancan tsauraran ma'auni ba a lokacin sanarwar. A ganinmu wannan shi ne sashe mafi daɗi a labarin. An fita farauta da tunanin cewa inda gama ta fi haske nan nutirino yake, sai ga shi wurin da ya fi kowanne alamar nutirino gamarsa a rufe take. Rashin ganin gamar ma ya zama ma'auni, domin yana nuna cewa a kusa da baƙin ramin sosai ake haihuwar nutirinon, inda cunkoso ya fi yawa.

Akwai kuma waɗanda aka zarga aka wanke. Shekaru da dama masana da yawa sun sa ran fashe-fashen gama, wato wani walƙiya mai tsanani da ke ɗaukar 'yan sakanni ko mintoci idan ƙaton tauraro ya mutu ko taurari biyu masu nauyi suka haɗu, su ne majaujawar. IceCube ta bi diddigin fiye da dubu daga cikinsu ba ta samu nutirinon da za a jingina musu ba. Ko wanda ya fi kowanne haske a tarihin aunawa, na ranar 9 ga Oktoba, 2022, bai zo da ko ɗaya ba. Su ma bilazan da Fermi ya sani, in an haɗa su gaba ɗaya, bincike ya nuna ba za su iya ba da ko kashi 30 cikin ɗari na nutirinon da ake gani ba. Mafi yawan saƙonnin har yanzu ba su da mai su.

Inda tagwayen suka fito tare ba gardama shi ne a gida. A watan Yuni na 2023 IceCube ta nuna cewa galaksinmu, wannan farin zane da ke ratsa sama a daren da babu wata idan kun fita bayan gari, shi ma yana fitar da nutirino. Taswirar hasken gama ta Fermi na cikin abin da aka yi amfani da shi wajen sanin inda za a duba, kuma aka same su a wurin.

Farautar ba ta tsaya ba. A ƙasan tekun Bahar Rum, kusa da tsibirin Sisili na Italiya, ana gina wani tarkon mai suna KM3NeT a zurfin kusan mita 3,500, shi da ruwan teku yake aiki. Tun ginin bai yi nisa ba, ranar 13 ga Fabrairu, 2023, ya kama nutirinon da aka ƙiyasta ƙarfinsa da TeV 220,000, wato ya ninka na 2017 fiye da sau 700. Sai da aka shekara biyu ana tantancewa kafin a sanar a Fabrairun 2025. An leƙa yankin da ya nuna, an ga bilaza fiye da ɗaya a ciki, babu wadda aka iya ɗora wa alhaki. Ana kuma gina sababbin madubin gama a La Palma da hamadar Atakama ta ƙasar Chile, waɗanda za su fi na yanzu gani da saurin juyawa idan sanarwa ta shigo.

Ga ɗan aiki kafin mako mai zuwa. Lambar nan +056 da ke ƙarshen sunan bilazar tana nufin tana digiri 5.6 arewa da tsakiyar sama, mu kuma Kano tana kan digiri 12 ne, Zinder kusan 14, don haka kusan ta saman kanmu take wucewa. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ku fita bayan sallar isha'i a daren da ƙura ta lafa, ku nemi taurari uku da suka jeru a layi ɗaya kusa da juna. Wannan ita ce ɗamarar Orion. A arewa da su akwai taurari biyu masu haske, ɗaya ja-ja, ɗaya fari mai ɗan shuɗi. Ja-jan shi ne Betelgeuse, farin kuma Bellatrix. Ɗan yamma kaɗan da farin, tazarar kamar faɗin yatsu biyu ko uku idan kun miƙe hannu, nan TXS 0506+056 take. Ido ba zai gan ta ba, sai da madubi mai ƙarfi, amma wurin ke nan. Sannan ku lissafa mana: idan haske yana tafiyar kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kilomita nawa yake ci a shekara? Wanda ya samu amsa ya ninka ta sau miliyan 47, ya aiko mana da nisan NGC 1068 tare da sunansa, ajinsa da makarantarsa.